Sulken Kifi Mai Ƙaya Uku: Yadda Muhalli Yake Ƙara Shi Ko Ya Rage Shi

Gabatarwa

A zamanin da ake yaƙi bisa dawaki, ba kowane barde ne yake shiga fagen fama da sulke ko lifidi ba. Ɗan lifidi kibiya ba ta cika yi masa illa ba, amma dokinsa ba ya sukuwa mai nisa saboda nauyin kaya, ga shi kuma kayan ba su samuwa da araha. Watau dai kariya tana da amfani, tana kuma da tsada. Irin wannan lissafi ne ake iya karantawa a jikin wani ɗan kifi na ƙasashen sanyi, wanda tsawonsa bai wuce na yatsa ba. A wani ruwa akan same shi lulluɓe da sulken ƙashi tun daga wuya har wutsiya, a wani ruwan kuma, wataƙila ba nisa, sai a same shi kusan tsirara. Wannan maƙala za ta bi diddigin abubuwan muhalli da suke jawo wannan bambanci, da yadda masana suka gano su, da kuma dalilin da ya sa sauyin yake zuwa da sauri har mutum ya shaida shi a cikin rayuwarsa.

Kifin da Sulkensa

Turawan Ingila suna kiran wannan kifi sitikilbak, watau mai tsini a baya. A 1758 masanin nan na ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, ya laƙaba masa sunan kimiyya Gasterosteus aculeatus, sunan da yake nuni da ƙashin da ke cikinsa da kuma ƙayar da ke jikinsa. Tun da yake babu shi a ruwayen Afirka ta Yamma, a nan za a riƙa kiransa ƙaya-uku. Ana samunsa a gaɓar tekun Atlantika da na Fasifik ta wajen arewa, da koguna da tafkunan da ke kusa da su, tun daga Turai har Amurka ta Arewa da Japan. Galibi tsawonsa tsakanin santimita 4 ne da 8, kuma ba ya cika wuce shekara 3 a duniya.

Sulkensa kashi uku ne. Na farko, ƙayoyi uku da ke bisa gadon bayansa. Na biyu, ƙayoyi biyu da ke ƙarƙashin cikinsa, waɗanda suke kafe a jikin ƙashin ƙugu. Idan ya ji haɗari sai ya miƙar da ƙayoyin nan duka su kulle, ba su kwantawa sai ya sake su. Masunta sun san irin wannan dabara a jikin kurungu. Na uku kuwa, shi ba shi da ɓawo irin na karfasa. A maimakonsa wasu 'yan allunan ƙashi ne jere a kowane gefe na jikinsa. Allunan ba su gama fitowa sai kifin ya kai kusan santimita 3.

Ta fuskar allunan nan masana sun kasa kifin gida uku. Akwai mai cikakken sulke, wanda yake da allo 30 ko fiye a kowane gefe. Akwai mai giɓi, wanda yake da alluna a gaba da wajen wutsiya, tsakiya kuwa fili. Sa'an nan akwai mai ƙaramin sulke, wanda allunansa ba su kai 10 ba, kuma duk a gaba suke.

Daga Teku Zuwa Tafki

Asalin ƙaya-uku ɗan teku ne, kuma na teku kusan dukkansu masu cikakken sulke ne. Sai dai da bazarar ƙasashen can yakan hau koguna ya yi ƙwai, inda namiji yake gina sheƙa da ciyawa ya kuma yi gadin 'ya'ya. Kimanin shekara 20,000 da suka wuce, tulin ƙanƙara ya rufe yawancin Kanada da wani sashe na Alaska da arewacin Turai. Da ƙanƙarar ta narke, wajen shekara 10,000 zuwa 15,000 ke nan, sai ta bar dubban sababbin tafkuna. Ƙaya-uku ya bi koguna ya shiga cikinsu, ƙasa ta ɗaga, hanyar komawa teku ta toshe a wurare da yawa.

Abin mamaki shi ne abin da ya biyo baya. A Alaska, da Sikotilan, da Norwe, da Jamus, da Japan, jikokin waɗannan kifaye sun rage sulke, alhali tafkunan ba su haɗa hanya da juna ba. A waɗansu ma har ƙayoyin ciki da ƙashin ƙugu sun ɓace. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Abin da ya maimaita kansa sau ɗaruruwa a nahiyoyi uku, lalle akwai dalilinsa.

Ya kamata a fahimci cewa ba kifi ne yake tuɓe sulkensa don ya ji ya yi masa nauyi ba. Kowane kifi da irin sulken da ya gada yake mutuwa. Abin da yake faruwa ya fi kama da tankaɗe da rairaya. A cikin 'ya'yan da aka ƙyanƙyashe akwai masu alluna da yawa, akwai masu kaɗan. Waɗanda ƙirarsu ta fi dacewa da wurin su ne suka fi tsira su hayayyafa, 'ya'yansu kuma su gaje su. In aka yi haka shekara da shekaru, sai kamannin kifin tafkin gaba ɗaya su sauya. Tambayar ke nan ita ce, mene ne rariyar?

Maƙiya Masu Haƙori da Masu Baki

Amfanin sulke a fili yake inda akwai manyan kifaye masu cin 'yan'uwansu. A cikin shekarun 1950 Niko Tinbergen, wanda daga baya ya sami kyautar Nobel a 1973, shi da abokan aikinsa Hoogland da Desmond Morris, sun zuba ƙaya-uku da waɗansu ƙananan kifaye marasa ƙaya a wuri ɗaya da wani mafaraucin kifi mai haƙora da ake kira fayik. Sai fayik ya fara cinye marasa ƙaya. In ya cafki ƙaya-uku sau da yawa sai ya furzar da shi, kuma bayan ya sha suka 'yan lokuta sai ya koyi ƙyale shi.

Wanda ya fi daɗewa a kan wannan fanni shi ne Tom Reimchen na Kanada, wanda tun shekarun 1970 yake nazarin tafkunan tsibiran Haida Gwaii, a yammacin ƙasar. Ya nuna cewa allunan gaba su ne madogarar ƙayoyi, domin su suke haɗa gindin ƙayoyin baya da ƙashin ƙugu, har jikin kifin ya zama kamar an ɗaure shi da zobe. Idan babu su, da maƙiyi ya matsa sai ƙaya ta kwanta. Wannan shi ya sa ko a wajen mai ƙaramin sulke allunan gaba ne suke saura. Har ila yau ya nuna cewa alluna suna rage raunin da haƙoran kifin tirawut suke yi, kuma na wajen wutsiya suna wahalar da shi wajen haɗiya, har wanda aka kama ya sami damar kuɓucewa. Tsuntsaye masu nutso, waɗanda suke haɗiye kifi ɗungurungum, su ma dogayen ƙayoyi suna tsaya musu a maƙogwaro.

Da aka kwatanta ruwaye fiye da 100 na waɗannan tsibirai, sai aka ga sulke ya fi cika a manyan tafkuna masu garai, inda babu maɓoya kuma tirawut yake da yawa. A ƙananan tafkuna masu duhun ruwa kuwa sulke ya fi raguwa. A tsakiyar ruwa mai haske, kamar yadda yake a teku, kamu ba makawa, sai dai kifi ya nemi abin da zai cece shi bayan an kama shi. A cikin ciyayi da duhu kuwa, ɓuya da saurin zillewa sun fi sulke amfani.

Maƙiya Masu Damƙa

Abincin wani gubar wani. A ƙananan tafkunan da babu manyan kifaye, babban abin tsoron ɗan ƙaya-uku shi ne ƙwarin ruwa, musamman 'ya'yan mazari, ƙwaron nan mai fikafikai huɗu da yake shawagi a bakin rafi. Kafin su yi fiffike cikin ruwa suke zaune, suna laɓewa a ciyawa suna damƙe ƙananan kifaye. Su ba haɗiya suke yi ba, riƙewa suke yi su ci a hankali, saboda haka ƙaya ba ta hana su kome.

A 1980 Reimchen ya bayar da labarin Tafkin Boulton, inda kifaye da yawa ba su da ƙayoyin ciki, waɗansu kuma ƙayar baya ɗaya ta ɓace. Ya kawo ra'ayin cewa ƙaya tana iya zama mariƙi ga ƙwaron da yake neman abin kamawa. Daga baya an ga cewa a wannan tafki, lokacin da tsuntsaye suka fi ɓarna masu ƙaya da yawa ne suka fi tsira, lokacin da ƙwari suka fi ɓarna kuwa sai abin ya juya. A 2009 Kerry Marchinko ya gwada abin a cikin kududdufan gwaji, ya ga inda aka sa ƙwari masu gajerun ƙayoyi sun fi rayuwa. Waɗansu gwaje-gwajen da aka yi a Turai ba su sami irin wannan sakamako ba, don haka har yanzu masana suna jayayya a kan ko ƙwaro yana kama ƙaya da gaske. Abin da aka fi yarda da shi shi ne, ƙwari ƙananan kifaye kawai suke iya kamawa, saboda haka duk abin da zai sa kifi ya yi saurin girma, shi ne zai fitar da shi daga hannunsu.

Abin da Ruwa Ya Ƙunsa

A nan ne batun tsada ya shigo. Ƙashi da sinadarin kalsiyam ake gina shi, sinadarin da ke cikin ɓawon ƙwai da na katantanwa, kuma kifi yakan ɗebi yawancinsa daga ruwan da yake ciki. Litar ruwan teku tana ɗauke da kimanin miligiram 400 na kalsiyam, amma a waɗansu tafkuna abin da ke cikin lita bai kai miligiram 5 ba. Mai gina cikakken sulke a irin wannan ruwa kamar mai gini ne a garin da ƙasa take tsada.

Tsibirin North Uist na Sikotilan ya ba da misali mai kyau. Yammacinsa rairayi ne na garin ƙwanson katantanwar teku, don haka tafkunan wajen suna da kalsiyam isasshe. Gabashinsa kuwa ƙasa ce ta ruɓaɓɓiyar ciyawa, ruwanta mai tsami ne, kalsiyam kaɗan. A 1983 wani masani mai suna Giles ya nuna cewa a tafkunan gabas ne ake samun kifayen da suka rasa alluna da ƙayoyi, waɗansu kusan gaba ɗaya. Bayan shekara 10, Michael Bell da abokan aikinsa suka duba tafkunan yankin Cook Inlet na Alaska, suka ga ƙashin ƙugu ya fi ɓacewa inda abu biyu suka haɗu, watau ƙarancin gishirin ruwa da rashin manyan kifaye mafarauta. Ke nan inda maƙiyi mai haƙori yake, tilas a biya kuɗin sulke kome tsadarsa.

Gwaji ya tabbatar da wannan tsada. A 2007 Marchinko da Dolph Schluter, na Jami'ar Birtish Kolombiya, sun rene 'ya'yan kifi a ruwan gishiri da ruwan daɗi. A ruwan gishiri babu wani bambanci, amma a ruwan daɗi masu ƙaramin sulke sun fi saurin girma. Girma kuwa a ƙasar sanyi batun rai da mutuwa ne, domin babban kifi ya fi tara kitsen da zai kai shi ƙarshen hunturu, kuma shi yake riga fara haihuwa.

Bugu da ƙari akwai nauyi. A 2002 Carolyn Bergstrom ta auna zaburar kifayen, ta ga masu alluna kaɗan sun fi saurin tashi sa'ad da aka razana su. Sa'an nan ruwan daɗi bai kai na teku ɗaukar kaya ba, abin da duk wanda ya taɓa iyo a cikin biyun ya sani. Kifi mai nauyin ƙashi sai ya ƙara girman jakar iskar da ke cikinsa kafin ya tsaya daidai a ruwa, ko kuwa ya rage ƙashin.

Sa'ad da Kiɗa Ya Sauya

Idan muhalli ne yake rage sulke, ya kamata ya iya mayar da shi. An ga haka a Tafkin Washinton, da ke gefen birnin Siyatil na Amurka. A tsakiyar ƙarni na 20 garuruwan kewaye suna zuba ruwan najasa a cikinsa, gansakuka ta yi yawa, har ido ba ya ratsa fiye da kimanin mita 1. Tsakanin 1963 da 1968 aka karkatar da ƙazantar. Daga 1976 kuma waɗansu mitsi-mitsin ƙwarin ruwa masu cin gansakuka suka yawaita, ruwan ya washe har ana hangen abu a zurfin fiye da mita 6.

A 2008 Jun Kitano da Catherine Peichel da abokan aikinsu suka kwatanta kifayen da aka adana tun da can da waɗanda suka kama. A ƙarshen shekarun 1960 kashi 6 cikin 100 ne kawai masu cikakken sulke. Bayan kusan shekara 40 sun kai kashi 49, masu giɓi kuma kashi 35. Bayanin da ya fi ƙarfi shi ne, tirawut da ido yake farauta. Da ruwa ya yi haske sai duhun da yake ɓoye ƙaya-uku ya yaye, sulke ya sake yin daraja. Kuma mashigin jiragen ruwa da aka buɗe a 1917 ya haɗa tafkin da teku, ta nan ne na teku suke shigowa da gadon cikakken sulke. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

Saurin Sauyin

A da ana zaton irin wannan sauyi sai an yi dubban shekaru. Tafkin Loberg na Alaska ya nuna ba haka ba ne. A 1982 hukuma ta sa guba ta kashe dukan kifayensa don a zuba waɗanda masu kamun ƙugiya suke so. Cikin 'yan shekaru sai ƙaya-uku na teku ya sami hanya ya shiga. Michael Bell ya fara ɗibar samfur kowace shekara daga 1990, lokacin da kusan dukkansu masu cikakken sulke ne. Kafin 2001 masu ƙaramin sulke sun kai kashi 75 cikin 100.

Haka kuma babbar girgizar ƙasar da aka yi a Alaska a watan Maris na 1964 ta ɗaga tsibirin Middleton, ƙasan teku ya fito fili, sababbin kududdufai suka samu. Binciken da aka buga a 2015 ya nuna cewa kifayen teku da suka maƙale a ciki sun ɗauki kamannin na ruwan daɗi cikin shekara 50. Abin kuwa ba sabo ba ne. A jihar Nebada ta Amurka akwai busasshen gindin wani tafki mai shekara kusan miliyan 10, wanda laka ta kwanta a cikinsa hawa-hawa, kowace shekara da nata. Ƙasusuwan wani ɗan'uwan ƙaya-uku da suka daskare a ciki sun nuna yadda ƙayoyi da ƙashin ƙugu suka yi ta raguwa cikin 'yan dubban shekaru.

Inda Asirin Yake

Me ya sa abin yake sauri haka, kuma yake bin hanya ɗaya ko'ina? Amsar ta fito daga ɗakin binciken David Kingsley na Jami'ar Stanford. A 2005 Pamela Colosimo da abokan aikinta suka gano cewa yawancin bambancin alluna ƙwayar gado guda ɗaya ce take riƙe da shi, ana kiranta Eda. Mutum ma yana da irinta. Wanda tasa ta sami tangarɗa yakan tashi da ƙarancin gashi da haƙora, kuma ba ya yin gumi sosai. A wajen kifin, Eda iri biyu ce, ta cikakken sulke da ta ƙarami.

Da aka duba kifayen ruwan daɗi na Turai da na Amurka, sai aka tarar kusan dukkansu irin Eda guda suka gada, kuma an ƙiyasta shekarunta sun kai miliyan 2, watau ta girmi tafkunan nesa ba kusa ba. A cikin teku take yawo a ɓoye, kimanin kashi 1 cikin 100, a jikin kifayen da suka gaji iri ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba, waɗanda galibi a ido masu sulke ne. Barbarar da ake yi a bakin koguna tsakanin na teku da na ruwan daɗi ita take ƙara zuba ta a teku. Saboda haka duk ayarin da ya shiga sabon tafki da guzurinsa yake shiga, ba ya jiran wani sabon abu ya ɓullo. A 2008 Rowan Barrett da Sean Rogers da Schluter sun zuba irin waɗannan kifaye a kududdufai 4 na ruwan daɗi. Cikin shekara guda, bayan alluna sun fara fitowa, irin ƙaramin sulke ya yi ta ƙaruwa. Amma tun suna ƙanana, kafin allo ya fito, raguwa ya yi. Wannan ya nuna cewa aikin Eda, ko na maƙwabtanta a zaren gado, bai tsaya ga sulke ba. An kuwa gano daga baya tana da hannu a tsarin jijiyoyin gefen jiki da kifi yake jin motsin ruwa da su, da kuma yadda yake tafiya cikin garke.

Ɓacewar ƙashin ƙugu ta bi wata hanya dabam. A 2004 aka danganta ta da ƙwayar gado mai suna Pitx1, a 2010 kuma aka gano cewa ƙwayar kanta lafiya lau take, domin ana bukatarta wajen gina waɗansu gaɓoɓin. Abin da ya yanke shi ne ɗan makunnin da yake tayar da ita a wajen ƙugu kawai. A nan kowane tafki da irin tasa yankewar, domin wannan wuri na zaren gado mai saurin tsinkewa ne.

Kammalawa

A taƙaice, babu wani dalili guda da ya isa ya bayyana sulken ƙaya-uku. Haƙorin tirawut da bakin tsuntsu suna jan sa sama. Damƙar ƙwaro, da ƙarancin kalsiyam, da bukatar saurin girma da saurin zillewa suna jan sa ƙasa. Hasken ruwa da yawan maɓoya kuma su suke nuna ɓangaren da zai rinjaya. Yawan allunan da aka ƙirga a jikin kifin wani tafki, sakamakon wannan ja-in-ja ne a wannan wuri.

Sai dai wanda ya saba da zaman lafiya har ya ajiye makami, shi ne sauyin gaggawa ya fi yi wa lahani. A kudancin Kalifoniya akwai wani irin ƙaya-uku maras alluna, wanda tun 1970 Amurka ta sa shi cikin jerin dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu, saboda ƙafewar rafukansa da shigo da baƙin dabbobi masu cinsa. A Tafkin Hadley na Kanada kuwa a da akwai iri biyu da ba a samunsu ko'ina sai a can, ɗaya mazaunin ƙasan ruwa, ɗaya na tsakiya. Da wani ya saki baƙon kifi mai kama da tarwaɗa a ciki, cikin shekarun 1990 duka biyun suka ƙare. Tankaɗe da rairaya yana bukatar waɗanda za su tsira su hayayyafa, a Hadley kuwa ko ɗaya bai saura ba.